Wa Ke Duban Fuskar Yaro? Tarihin Masu Jin Kukan Zuci a Ƙasar Ƙonni

A farkon watan Oktoba, lokacin da gero ya nuna ana ta yanka, tashar motar Birnin Ƙonni takan cika da waɗansu ƙananan baƙi. Yara ne 'yan shekara 12 zuwa 14 daga ƙauyukan Bazaga da Allela da Tsarnawa waɗanda ba su da kwaleji, kowa da tabarmarsa a naɗe, da ƙullin gero, da 'yar jakar tufafi. Haka abin yake a Malbaza, haka a Illela da Badagishiri. Za a sauke yaro a gidan wani ɗan garinsu ko aminin ubansa, a ce wa maigidan, "Alhaji, ga ɗanka nan." Mai masauki zai nuna masa wurin kwana a zaure, in da hali a sa masa hannu a akushi. Abu guda ne ba a zo da shi daga ƙauye ba, domin ba ya shiga buhu: idon da ya san fuskar yaron.

Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa. Sai dai wanda ya san fuska ran da take sake shi ne zai gane ta ran da ta ɗaure. A yau masana lafiya na duniya suna ta nazarin yadda makaranta za ta tsare matashi daga halaka kansa, har wani ya ɗauka sabon ilimi ne da za a shigo da shi cikin kwali daga Turai. A ƙasar Ƙonni da Adar aikin tsoho ne. Yana da masu yin sa, da sunayensu, da lokutan da suke yin sa, tun kafin a kafa bencin farko na lakwal, wato makarantar boko.

Gidan Bahaushe na da bai ɗora wannan nauyi a kan uwa da uba ba, domin ya san kunya ta ɗaure su. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wata ko kallonsa ba ta yi in da baƙo. Uba kuwa a durƙushe ake gaishe shi, ido a ƙasa, ba a kai masa maganar zuci. Baƙon da bai san al'adar ba zai ce an bar yaron cikin maraici, alhali ƙofar da kunya ta rufe a ɗakin uwa, wasa ya buɗe ta a ɗakin kaka. Kaka tana kiran jikanta angonta, jikanya kuwa kishiyarta. Kullum suna cikin tsokanar juna, ita ta ce ya hana ta cefane, shi ya ce ta tsufa zai sake ta, kuma a ƙarƙashin wannan tsokana ake faɗin abin da ba a iya faɗa wa kowa. Yarinyar da ta fara barin tuwo a kwano, kakarta ce kan fara lura. Ba za ta yi mata magana a tsakar gida ba. Sai bayan isha'i, an rage fitila, ta jawo ta gefen gado: "Zo nan, kishiya. Tagumin nan na mene ne? Wa ya taɓa min ke?" Bayan kaka ga gwaggo, mai iya shiga ɗakin ɗan'uwanta ta faɗa masa gaskiya a kan 'yarsa. Ga kawu, wanda gidansa mafaka ne ga ɗan 'yar'uwarsa in gida ya yi zafi. Ga taubashi, da ba a fushi da maganarsa komai ɗacinta.

A waje kuma akwai dandali. Da farin wata 'yan mata na gaɗa, samari na kokawa ko langa, kuma duk wanda bai fito ba kwana biyu sai an bi sawu. Sarkin samari ya san yaransa ɗaya bayan ɗaya, tunda shi ke tara su ran gayya. Ƙawance ma ba abin wasa ba ne. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga shi a 1954, ta bayyana yadda ake ƙulla ƙawance da kyauta da sanin iyaye, ya zama alkawari mai haƙƙi da wajibi har tsufa. Ƙawa ce ke sanin wanda yarinya take so da wanda take ƙi. Ko yaji, da ake yi wa kallon rigimar mata, hikima ce babba in an duba: matar da zaman gida ya ƙuntata tana da inda za ta nufa, ta kwana a ɗakin uwarta, a zo biko, manya su zauna a ji ta bakinta. Al'ada ta bar wa mai ƙunci ƙofar fita wadda zai iya dawowa ta cikinta.

In abin ya fi ƙarfin kaka da ƙawa, mutanen da sukan ce iska ta taɓa shi. Wannan yanki ya daɗe da sanin bori. A Masallata, ƙauyen da ke dab da Ƙonni, azna suna taruwa kowace shekara su buga arwa, su yi buɗin daji. Nicole Echard, Bafaranshiyar da ta yi shekaru tana bincike a Adar, ta fitar da littafi guda a kan borin yankin a 1989. Mutumin da ya rame ba ciwon da ido ke gani, ya bar magana, barci ya ƙaurace masa, shi ake yi wa girka. Za a keɓe shi kwanaki, wata babba ta tsaya a kansa dare da rana, ta ciyar da shi, ta yi masa wanka da magani, masu goge da ƙwarya suna aikinsu, a ƙarshe a fito da shi gaban jama'a da tufafi na musamman. Malamai sun yaƙi bori tun ƙarni biyu da suka wuce, kuma hujjarsu ta aƙida sananniya ce. Amma mai duban tarihi zai lura da abin da ke faruwa a gefen kiɗan. Dangi sun ajiye aikinsu saboda mutum ɗaya, sun sayar da akuya sun kashe a kansa. Ba wanda ya ce masa rago ne ko marar tawakkali, tunda an ɗora laifin a kan iska. Kuma ya fito daga ɗakin yana da ƙungiyar da za ta riƙa nemansa har ƙarshen ransa.

Waɗanda suka zo kawar da bori sun fahimci haka sarai, kuma asalinsu yana nan kusa. A Marata, kusa da Galmi, cikin gundumar Malbaza ta yau, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma Ƙonni na cikin garuruwan farko da suka shiga hannun jama'arsa a 1804. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga matan karkara da yaƙi ya ɗaiɗaita, zawarawa da kamammu da marayu, suna komawa ga bori don samun sauƙin zuci. Ba ta tsaya ga hani kawai ba. Ta kafa 'yan taru. A kowane ƙauye ta zaɓi mace mai hankali da kamun kai ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa, irin hular da Innar Gobir, shugabar bori, take sawa. Jaji ce ke rako 'yan matan da ba su yi aure ba da mata masu manyan shekaru zuwa wurin Nana, su ɗauki karatu cikin waƙa su koma da shi gida. Aikinsu bai tsaya ga karatu ba: suna duba marar lafiya, suna sasanta rigima, suna taimakon mai jego da wadda aka yi wa rasuwa. Makaranta ce mai tafiya da ƙafa, wadda malamarta ta san ɗakin da kowace ɗaliba take kwana. Sakkwato kuwa, mazaunin Nana, kamar kilomita 90 ne daga Ƙonni.

Matsayin addini a kan mutum ya kashe kansa ba shi da ruɗani, haramun ne, kuma wannan katanga ta tsare rayukan da Allah kaɗai ya san yawansu. Abin da ba a cika karantawa a wa'azi ba shi ne sauran maganar. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, wadda ta yi hanin, da ambaton jinƙan Allah ga bayinsa ta rufe. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya yi hijira zuwa Madina tare da Ɗufailu ɗan Amru, ciwo ya tsananta masa har ya kasa daurewa ya yi sanadin ajalinsa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa masa gafara. Jumhurun malamai sun tafi a kan cewa wanda ya mutu ta haka Musulmi ne, a yi masa wanka da salla a rufe shi cikin 'yan'uwansa. Tun a ƙarni na 10 ma, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanadi, kamar rashi ko hasara, da wanda ke sauko wa mutum ba gaira ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana son magani. Malamin zauren da ke ba yaro rubutu ya sha, ya kuma zaunar da shi kusa da buzunsa har ya ji damuwarsa, yana kan wannan turba. Wanda ya ce masa "ƙarancin imani ne" ya sallame shi, ya bar ta.

Kada dai a yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Wannan shinge na kaka da ƙawa da jaji yana da ɓaraka, kuma 'ya'ya mata ne suka fi faɗawa ta cikinta. Duk wanda ya tashi a karkara ya taɓa jin labarin amaryar da aka yi wa auren dole, ta yi kuka har muryarta ta dushe, aka ce kukan amarci ne, aka wayi gari babu ita, a wurin zaman makoki kuma aka ce tsautsayi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka ake koya wa yarinya, sai ta haɗiye abin da ya fi ƙarfin cikinta. Akwai kuma waɗanda ba su da kaka ko kawu sam. A 1996 aka sayar da Hadizatu Mani tana 'yar shekara 12 a kan jaka 240 na sefa, ta zama wahaya, wato baiwa ƙwarƙwara, a gidan wani mutum a yankin Ƙonni. Shekara da shekaru ba wanda ya tambayi fuskarta. Sai da ƙungiyar Timidriya ta tsaya mata, magana ta bi kotuna tun daga ta Ƙonni, kafin kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta sa a biya ta miliyan 10 na sefa. Ƙididdigar lafiya ta 2012 ta nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin shekara 15.

Lakwal ta shigo ƙasar ne a bayan bindiga. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, ta yi kisan da har yau jikoki ke ba da labarinsa. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila suka ja iyakar da ta raba Ƙonni da Sakkwato, ta bar Illela guda a Nijeriya, wata Illelar, mazaunin Sarkin Adar, a Nijar. Mutanen da suka ga abin da Nasara ya yi ba su yi marmarin ba shi 'ya'yansu ba. Aka riƙa ɓoye yara a rumbu in an ji masu ɗaukar 'yan lakwal sun iso, masu sarauta da yawa suka tura 'ya'yan barorinsu a madadin nasu. Ran da Nijar ta samu 'yanci a 1960, yaran da ke makarantar boko ba su kai biyar cikin ɗari ba. Saboda haka har zuwa lokacin, tsohon tsari ne ke riƙe da kusan kowane yaro. Mulkin Seyni Kunce, daga 1974, ya ma ɗauko samariya ya mai da ita ginshiƙin aikin ƙasa, aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a Tawa a 1975.

Babban sauyin na kwanan nan ne. A shekara ta 2000 kamar kashi 34 cikin 100 ne ke shiga firamare. Cikin shekara 15 adadin ya haura kashi 70. Alheri ne, ba mai musu. Amma a dubi yadda aka yi shi. Aka cika makarantu da malaman kwantiragi, samari da 'yan mata masu ƙaramin albashi da gajeren horo, aka tura su ƙauyukan da ba su san kowa ba. Aka kafa azuzuwan zana da kara, inda malami guda ke fuskantar yaran da ba zai iya riƙe sunayensu duka ba kafin hutun farko. Wanda ya ci gaba zuwa kwaleji sai ya bar gida a daidai shekarun da jiki da zuciya ke juyawa. Uban da zai bi sawunsa wataƙila yana Abijan ko Legas ko Libiya, domin Adar ƙasar ci-rani ce tun kaka da kakanni. Yarinyar da aka sauke a gidan mai masauki takan zama mai ɗebo ruwa da wanke-wanke kafin ta zama ɗaliba, wani lokaci kuma ta gamu da abin da ba za ta iya furtawa ba, a gidan da ba ta da kishiyar wasa. Dandali ya mutu a garuruwa da dama, fada, wato majalisar hirar samari, ta gaje shi tun shekarun 1990, samari suna kwana a gindin butar shayi. Fada na da amfaninta, tana riƙe abokai wuri guda, sai dai ta maza ce, kuma a garin iyaka irin Ƙonni tiramol ba ya wuyar samu. Da Nijeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris na 2024, gidajen da ke ci daga kasuwancin ƙetare suka shiga matsi, kuma yaron da ke jiran kuɗin sabulu daga gida yana cikin waɗanda suka fara ji a jika.

Yaran sun yi magana, da irin harshen da aka bar musu. A ƙarshen 1995 ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandare na Kano suka riƙa faɗuwa suna ihu, abin da aka danganta da aljanar da aka sa wa suna Sumbuka, kuma daga nan ruƙiyya ta bunƙasa a birnin. Nijar ma ta ga irinsa. Adeline Masquelier, wadda ta fara bincike a Dogon Dutsi tun 1988, ta rubuta a kan 'yan matan kwaleji da ke faɗuwa a aji ɗaya bayan ɗaya har a rufe makaranta, iskokin da ke magana ta bakinsu suna ƙorafin an sare itatuwan da suke zaune a kai don a gina azuzuwa. Kowa da fassararsa, kuma ba laifi a kira malami ya yi addu'a. Abin takaici shi ne a yi ruƙiyya, a share aji, a koma darasi, ba wanda ya zauna da yarinyar bayan ta farfaɗo ya tambaye ta inda take kwana, da abin da ta ci jiya, da ko an sa mata rana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum 720,000 ne ke kashe kansu kowace shekara, kashi 73 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kuma wannan ne sanadin mutuwa na uku a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 29. A alƙalumanta na 2019 yankin Afirka ne ke kan gaba, da mutum 11.2 cikin kowane 100,000, alhali matsakaicin duniya 9 ne. Masu cewa wannan ciwon Turawa ne su sake duba lissafin.

Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen da aka yi a makarantu shi ne wanda Danuta Wasserman ta jagoranta, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet a 2015. Ya haɗa ɗalibai 11,110, yawancinsu 'yan shekara 15, a makarantu 168 na ƙasashen Turai 10. An gwada hanya uku. A waɗansu makarantun an horar da malamai su gane alamun haɗari su tura yaro wurin likita. A waɗansu an raba wa ɗalibai takardar tambayoyi, ƙwararru suka tace masu buƙatar taimako. A kashi na uku kuwa yaran da kansu aka zaunar, awa biyar kacal cikin mako huɗu, suna wasan kwaikwayo a kan abin da ke damunsu: saɓani da iyaye, wulaƙancin abokai, yadda za ka yi in abokinka ya ce ya gaji da duniya. Bayan shekara guda, hanya ta ukun ce kaɗai ta nuna bambanci a fili. Waɗanda suka yi yunƙurin halaka kansu a cikinta kashi 0.70 ne cikin 100, a makarantun da ba a yi komai ba kuwa kashi 1.51. An rage abin da rabi. Mutumin Adar da ya karanta wannan zai gane abin da aka gina a waɗannan azuzuwa: dandali ne da ƙawance, aka sa musu lokaci a jadawali.

Kaka ma an gwada ta. A Harare ta Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu abin da mutanen can ke kira yawan tunani. Gwajin da aka buga a 2016, mai mutum 573, ya nuna waɗanda suka yi zama shida a bencin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Wani bincike kuma, na Madelyn Gould a kan ɗalibai sama da 2,300 a jihar New York ta Amurka a 2005, ya kawar da tsoron da ke ɗaure bakin manya: tambayar yaro kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta dasa masa tunanin. Masu ɗauke da shi ma sauƙi suke ji in an tambaya.

Akwai darasi guda da ya shafi wannan yanki fiye da sauran, domin ƙasar noman rani ce. Albasar Galmi ta yi suna har bakin teku, madatsun Mozage da Zango a kan Magiya suna shayar da fiye da hekta 2,000 a Ƙonni, kuma inda ake lambu akwai maganin ƙwari a ɗaki. Ƙuncin matashi sau da yawa kamar hadarin bazara yake, ya taso da ƙarfi ya wuce cikin sa'o'i. Abin da ke kusa da hannu a wannan sa'a shi ke raba mai rai da gawa. Siri Lanka ta hana shigo da magungunan ƙwari mafi haɗari, yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, aka ƙiyasta an tsirar da rai 93,000, noma kuma bai faɗi ba. Akwati mai kwaɗo a gona, makulli a aljihun maigida, magana ce da darakta zai iya faɗa a taron iyayen yara cikin minti biyar.

Asibitin ƙwaƙwalwa yana da nisa. Pabiyon E na babban asibitin Yamai ya fi kilomita 400 daga Ƙonni, kuma sunansa kaɗai kan sa iyaye su ɓoye ɗansu. Na Kware yana kan hanyar Sakkwato, a ƙetaren iyakar da ake buɗewa a rufe. Asibitin Galmi, da mishan ta SIM ta buɗe a 1950, da na gundumomi da ƙananan likitocin karkara su ne na kusa, kuma nan ya kamata a garzaya da duk yaron da ya furta cewa zai halaka kansa, ko ya fara raba kayansa yana sallama, ba tare da an bar shi shi kaɗai ba ko na ɗan lokaci. Amma kafin a kai ga likita sai wani ya lura, kuma masu lurar suna nan a cikin tsarin makaranta, ba a dai ba su aikin ba. A jihar Tawa ne aka fara shirin Makaranta Domin Kowa a 2004, da taimakon hukumar JICA ta Japan, inda mutanen gari ke zaɓen 'yan kwamitin kula da makaranta da ƙuri'ar asiri, kafin a yaɗa tsarin a ƙasa baki ɗaya. Kusa da kwamitin akwai ƙungiyar iyaye mata. Dokar Disambar 2017 ta ɗora wa hukuma kare yarinya mai karatu da tallafa mata, kuma daga 2021 aka fara gina wa 'yan matan kwalejojin karkara ɗakunan kwana, irin na Kelle a jihar Damagaram. Waɗannan kwamitoci sun gina azuzuwa, sun sayi alli, sun bi gida gida suna rubuta sunayen yara. Ba abin da zai hana su riƙe jerin yaran da ke zaune a gidan masauki, a raba su ga matan ƙungiya, kowace ta san nata biyar ko shida kamar yadda jaji ta san nata, ta leƙa su ran Juma'a. Ba abin da zai hana a ware awa guda a mako a tura benci gefe, a bar yara su kwaikwayi rigimar gida da ta fada da bakinsu, cikin Hausar da suke mafarki da ita. Limamin unguwa kuma ya karanta musu ayar har ƙarshenta.

Ranar da ta fi kowace nauyi a shekarar ɗan kwaleji ita ce ta sakamakon jarrabawar BEPC, a farkon damina. Ana taruwa a farfajiya, ana kiran sunayen waɗanda suka ci, guɗa na tashi, ana rungumar juna. Waɗanda ba a kira ba sukan zame ta gefen katanga ɗaya bayan ɗaya, wani yana lissafin buhunan geron da ubansa ya aiko shekara huɗu, wata ta san maganar aurenta da aka jingine saboda karatu za ta taso a daren nan. Minti kaɗan bayan an ajiye takardar, darakta ya san sunayensu duka, ya san ƙauyukansu, ya san zaurukan da suke kwana. A cikin ƙungiyar iyaye mata kuwa ba a rasa tsohuwar da za ta tsaya a bakin ƙofa tun kafin a fara kira, ta kama hannun yarinya ta ce, "Taho mu je gida, kishiya, ki sha fura tukuna. Yau a ɗakina za ki kwana."